Zaman Gona a Amurka: Yadda Masu Ciyar da Kansu Ke Tafiyar da Rana da Shekara

A karkarar Amurka akwai iyalai da suka zaɓi zama a kan ɗan fili nasu, suna noma abin da za su ci, suna kiwon dabbobin da ke ba su nono da ƙwai da nama, suna faskaren itacen da zai ɗumama ɗakunansu, duk don su rage abin da ke kai su kanti. Wani filinsa eka biyu ne, wani arba'in. Sun bambanta da manoman kasuwa irin na jihar Iowa, masu ɗaruruwan eka na masara da waken suya, waɗanda ke sayar da amfanin gaba ɗaya su sayi abincin gida kamar mutumin birni. Mai zaman gona tukunyarsa yake yi wa noma. A jihohin arewa, inda ƙasa ke daskarewa wata huɗu ko biyar, kusan duk aikin da yake yi shirin hunturu ne, ko da kuwa a tsakiyar zafi yake yin sa.

Tushen wannan zama yana komawa ga Dokar Homestead, wadda Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu ranar 20 ga Mayu, 1862. Dokar ta ba duk wanda ya kai shekara 21, ko yake riƙe da gida, damar mallakar eka 160 na ƙasar gwamnati, kimanin hekta 65, in dai zai gina wurin kwana a kai, ya noma filin, ya zauna shekara biyar. Kuɗin takardu duka dala 18 ne. Mata marasa aure da zawarawa sun samu, haka baƙin haure da suka bayyana niyyar zama 'yan ƙasa, haka bayin da aka 'yanta. Daniel Freeman na cikin na farkon da suka shigar da takarda, ranar 1 ga Janairun 1863, kusa da garin Beatrice a Nebraska, kuma filinsa yanzu wurin tarihi ne da gwamnati ke kula da shi. An raba kusan eka miliyan 270 ta wannan hanya, wato wajen kashi goma cikin ɗari na faɗin ƙasar. Sai dai filin ba kango ba ne da ba shi da mai shi. Ƙasar Lakota ce da Cheyenne da Pawnee da sauran 'yan asalin nahiyar, waɗanda aka tura gefe da yarjejeniya ko da bindiga kafin a zo rabo.

Waɗanda suka karɓi filayen sun sha wuya. A shimfiɗaɗɗun filayen Nebraska da Kansas babu bishiyar da za a yi katako, don haka suka riƙa yanko ƙasa tare da saiwar ciyawarta, su jera kamar tubali su yi ɗaki. Makamashinsu busasshen kashin shanu ne da murɗaɗɗiyar ciyawa. A 1874 fara ta sauka ta cinye gonaki ƙurmus. Cikin kusan takardu miliyan huɗu da aka shigar, miliyan 1.6 ne kawai suka kai ga shaidar mallaka. An soke dokar a 1976, ban da Alaska, inda aka bar ta har 1986.

Masu zaman gona na yanzu ba kyautar fili suka samu ba, saye suka yi, kuma da yawansu 'yan birni ne da suka gaji da birni. Sunan da ya fi fitowa a tarihinsu shi ne na Scott Nearing da matarsa Helen. Scott malamin tattalin arziki ne da aka kora daga Jami'ar Pennsylvania a 1915 saboda ra'ayinsa na siyasa. A 1932, ana tsakiyar karyewar tattalin arzikin duniya, suka bar New York suka sayi wata tsohuwar gona a Vermont, suka gina gidaje da dutse da hannunsu, sannan a 1952 suka koma gaɓar teku a Maine. Tsarinsu shi ne a yi aikin neman abinci awa huɗu a rana, sauran lokacin a ba karatu da kiɗa da hulɗa da jama'a. Littafinsu na 1954, Living the Good Life, bai yi kasuwa ba da farko, amma da aka sake buga shi a 1970 sai ya faɗa hannun dubban matasa masu neman barin birni. A shekarar ce kuma aka fara buga mujallar Mother Earth News, mai koyar da haƙa rijiya da gina akurki da makamantansu. Abin da masu koyi da Nearing sukan manta shi ne, ma'auratan ba sa cin nama kuma ba sa kiwo. Awa huɗu tana isar wanda ba shi da dabba. Wanda ke da saniya ba shi da wannan 'yancin.

Ranar mai kiwo da tatsa take farawa. Saniya ko akuya mai nono ana tatsar ta sau biyu, tsakani awa goma sha biyu, har tsawon wata goma bayan haihuwa, ba Lahadi ba ranar biki. In aka tsallake, hantsa ta kumbura, nono ya ragu, ciwo na iya shiga. Saboda haka iyalin da ke da mai nono ba sa kwana a waje sai sun sami maƙwabcin da ya iya tatsa. Saniya irin Jersey na iya ba da lita goma sha biyar ko fiye a rana, abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai a koma kaɗa man shanu da yin cuku da kindirmo. Wannan ya sa masu ƙaramin fili suka fi son awaki. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi farin jini a can ita ce wadda suke kira gajeruwar akuyar Nijeriya, wadda asalinta ƙananan awakin kurmin Afirka ta Yamma ne, ba jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ba. Tsayinta bai kai santimita 60 ba, nononta kusan lita ɗaya ne a rana, amma yana da maiƙo sosai, shi ya sa masu cuku da sabulu ke nemanta. Zabi ma daga Afirka suka je, kuma ana ajiye su ne don su tsince kaska a cikin ciyawa, su kuma tayar da kururuwa in baƙon abu ya shigo.

Bayan tatsa sai a buɗe akurki, a ba kaji tsaba, a kwashe ƙwai, a zuba wa dabbobi ingirici, a share turke a kai kashin wurin tara taki. A hunturu akwai ƙarin aikin da mutumin ƙasa mai zafi ba zai kawo a ransa ba: ruwan shan dabbobi yana kwana ya zama ƙanƙara, sai an fasa shi ko a ɗebo mai ɗumi daga gida, wani lokaci sau uku a yini. Ƙwan da aka bari a akurki yana daskarewa ya tsage. Kaji kuma suna rage yin ƙwai idan yini ya gajarta, domin suna buƙatar haske na wajen awa goma sha huɗu, don haka wasu kan kunna musu fitila da asuba, wasu kuma su bar su su huta. Da magariba dole a ƙirga su a rufe ƙofa, saboda yanyawa da shaho da wata dabba mai wayon hannu da ake kira rakun, wadda ke iya zare sakata mai sauƙi.

Lambu yana tafiya ne tsakanin ranaku biyu da kowane mai zaman gona ya haddace: ranar da ake sa ran raɓa mai daskarewa za ta sauka ta ƙarshe a bazara, da ranar da za ta dawo a kaka. A arewacin Vermont da Maine abin da ke tsakaninsu bai fi wata huɗu ba. Tumatir da tattasai ba za su nuna a wannan ɗan lokaci ba in a fili aka shuka su, don haka ana renon irinsu a cikin ɗaki, bakin taga ko ƙarƙashin fitila, mako shida zuwa takwas kafin dashe. Tafarnuwa kuwa a watan Oktoba ake binne ta, ta kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, a tone ta a Yuli. Abin da ke riƙe ciki har bazara shi ne dankalin Turawa da kabewa da busasshen wake da albasa da karas da kabeji. Wasu suna bin tsohuwar dabarar 'yan asalin ƙasar ta shuka masara da wake da kabewa wuri ɗaya: wake ya hau karan masara, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya hana ciyawa fitowa. Masu ajiye iri suna guje wa irin kamfani da aka haɗa aure, domin 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwar, suna neman tsofaffin iri da ake gadonsu. Ƙungiyar Seed Savers Exchange, wadda aka kafa a 1975 kuma take da mazauni a Decorah ta Iowa, aikinta ke nan, tara irin da musayarsa tsakanin masu lambu.

A Yuni da Yuli ake yankan ciyawar dabbobi. Tana son kwana uku na rana ba ruwa kafin a ɗaure ta. In aka shigar da ita rumfa da danshi, takan yi zafi daga ciki har ta kama da wuta ita kaɗai, kuma rumfunan dabbobi da dama sun ƙone ta haka.

Aikin da ya fi cin lokaci, wanda kuma ya fi buƙatar sani, shi ne adana abinci. Daga Agusta zuwa Oktoba lambu yana zubo amfani gaba ɗaya, kicin ya koma kamar ƙaramar masana'anta. Dabarar rufe abinci a kwalba a tafasa shi wani Bafaranshe ne mai suna Nicolas Appert ya bayyana ta a 1810, sannan a 1858 John Landis Mason ya yi rajistar kwalba mai murfin murɗawa, wadda har gobe da sunansa ake kiranta. Ana cika kwalbar, a bar ɗan sarari a sama, a ɗora murfi mai roba a baki, a nutsa ta cikin tafasasshen ruwa. Zafi yana korar iska, idan ta huce murfin ya lotsa ciki ya manne, har a ji ƙararsa. Wannan ya isa ga abinci mai tsami, kamar 'ya'yan itace da kokwamba da aka jiƙa a ruwan khal. Amma ga nama da ɗanyen wake da masara da karas, tafasa kaɗai ganganci ne. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa, Clostridium botulinum, wadda ƙwanta ba ya mutuwa a digiri 100, kuma wurin da ba iska ba tsami shi ne inda take yaɗuwa ta fitar da guba mai shanye jijiyoyi har numfashi ya tsaya. Abin tsoron shi ne, abincin na iya zama da gubar ba tare da ya yi wari ko ya sauya launi ba. Maganinta tukunyar matsin tururi, wadda ke kai zafi digiri 116. Iyakar da masana suka shata ita ce lamba 4.6 a ma'aunin tsami. Tumatir yana bakin wannan iyaka, shi ya sa ake matsa masa lemon tsami kafin a rufe. Masu zama a kan tsaunuka sai sun ƙara lokaci ko matsi, domin a can ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 100 ba. A nan ne gadon kaka ba ya wadatarwa, kuma masu hankali a cikinsu sun fi bin takardun malaman gona. Tun dokar Smith-Lever ta 1914 kusan kowace gunduma ke da ofishin malaman gona da ke ƙarƙashin jami'ar jiha, inda ake gwada ƙasa, a wasu wuraren har a duba ma'aunin tukunyar matsi ko yana faɗin gaskiya.

Abin da ba ya buƙatar kwalba ana kai shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda a wurinsu shi ne matsayin rumbu. Ana son sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri sifili da huɗu, da danshi mai yawa, don kada kaya su daskare kuma kada su yanƙwane. Karas a cikin jiƙaƙƙen yashi ake binne shi. Tuffa ba a haɗa ta da dankali, saboda tana fitar da wata iska da ke lalata ajiyar da ke kusa da ita. Albasa da kabewa kuwa busasshen wuri suke so. Kabeji ana yayyanka shi a cakuɗa da gishiri kimanin kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, a danne a bar shi ya yi tsami na makonni. Yanka dabbobi, tumaki ko maraƙi ko alade ga masu cinsa, ana barin sa sai sanyi ya shigo a Nuwamba, lokacin da ƙuda suka ɓace, wanda kuma ya zo daidai da lokacin farautar barewa da hukuma ke ba da lasisi. Yau dai firiza ta ɗauke yawancin aikin da gishiri da hayaƙi ke yi a da.

Itace ma ajiya ne. Ma'auninsa tari ne mai tsawon ƙafa takwas, faɗi huɗu, tsayi huɗu, kuma gidan arewa da ke dogara da murhun ƙarfe na iya cinye tari uku zuwa biyar a hunturu ɗaya. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, sai an sare, an yanka da injin zarto, an faskara, an jera shi inda iska ke bi na wata shida zuwa shekara, mai tauri ma har biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya: itacen da ake faskarewa bana na baɗi ne. Wanda ya ƙona ɗanye zai sami hayaƙi ba zafi, kunkunniya mai kama da kwalta ta taru a bututun hayaƙi, wata rana ta kama da wuta ta haɗa da rufin gida.

Ruwa daga rijiya ko maɓuɓɓuga yake zuwa, ta bututun da aka binne ƙasa da inda daskarewa ke kaiwa. Lantarki kuwa, a 1935 gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da shi a Amurka, kafin gwamnatin Shugaba Roosevelt ta ja waya zuwa karkara. Jikokin waɗanda suka yi murna da zuwan wayar su ne yanzu wasunsu ke cire ta, suna kafa faifan sola da batura.

A ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da dare ke daskarewa rana kuma ke narkewa, ana huda bishiyar meful, wadda ganyenta ke jikin tutar Kanada, a tari ruwanta. Sikarin da ke ciki wajen kashi biyu ne cikin ɗari, sai an tafasa lita arba'in kafin a sami lita ɗaya ta ruwan zaƙi mai kauri. Turawa daga 'yan asalin ƙasar suka koyi wannan, kuma da shi su Nearing ke samun kuɗin kashewa a Vermont.

Sauran sana'o'in hannu suna tsakanin buƙata da sha'awa, kuma gaskiya yawancinsu sha'awa ce. Matar 1870 tana tace ruwan toka ta dafa da kitse ne saboda ba ta da wani sabulun. Ta yau tana auna soda da sikeli, ta zuba nonon akuya da turare, ta bar sabulun ya sha iska mako huɗu zuwa shida, alhali na kanti ya fi araha. Haka kaɗin gashin tumaki da saƙa safa, da yin kyandir da kakin zuma, da gasa burodi da tsamin ƙullu maimakon yis, da ƙira da sassaƙa. Waɗannan duka ayyukan dogon daren hunturu ne, lokacin da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu da rabi. Ɗinkin bargon ƙyallaye ya fi sauran daraja: ana harhaɗa guntayen yadi bisa zane, a sa auduga a tsakiya, a bi da allura, kuma a da mata kan yi gayya su kewaye bargo ɗaya su gama shi a yini. Bargunan matan baƙar fata na ƙauyen Gee's Bend a Alabama, waɗanda aka ɗinka da tsofaffin kayan aiki don maganin sanyi, sun kai ga manyan gidajen nunin zane a 2002.

Kiwon zuma ya fi kama da sana'a sosai. Amyar katako mai allunan da ake zarewa wani limamin coci ne, Lorenzo Langstroth, ya yi rajistarta a 1852, bayan ya lura cewa in aka bar tazarar da ta kusa santimita ɗaya, ƙudan zuma ba sa toshe ta kuma ba sa gina saƙa a ciki. Da haka ake ɗibar zuma ba tare da an kashe su ko an rushe gidansu ba. A arewa sai an bar musu kilo talatin ko fiye su ci a hunturu. Tun 1987, da wata ƙaramar kaska mai suna baroa ta shiga ƙasar, mai amya ba ya barci da ido biyu, kuma asarar garke a hunturu ta zama ruwan dare. Duk waɗannan kaya, daga bargo zuwa zuma zuwa kwalbar tumatir, ana kai su baje kolin gunduma a ƙarshen zafi, alƙalai su duba su ba da kyauta. A Maine, baje kolin Common Ground da ƙungiyar manoma marasa takin zamani ta fara a 1977 yana tara masu irin wannan rayuwa kowane Satumba.

Dogaro da kai ɗin yana da iyaka, kuma masu daɗewa a cikinsa ba sa ɓoye haka. Kaɗan ne ke noma alkamar burodinsu. Gishiri da kofi da man inji da murafan kwalba da tsabar kaji duka saye ake yi. Harajin fili da inshorar lafiya da kuɗin likitan dabbobi ba a biyan su da kabewa. Alƙaluman Ma'aikatar Noma ta Amurka sun daɗe suna nuna cewa iyalan ƙananan gonaki daga aikin waje suke samun mafi yawan kuɗinsu, don haka a gidaje da yawa ɗaya yana koyarwa ko aikin asibiti ko aiki ta intanet, ɗayan yana kula da gona. Su Nearing kansu, waɗanda suka bi diddigin rayuwarsu sun nuna cewa suna da kuɗin gado da ya tallafe su. Maƙwabci kuma ba a rabuwa da shi: aron tarakta, musayar ƙwai da ingirici, taimakon kama saniyar da ta ƙetare shinge. A 2020, da annobar korona ta rufe gari, mutane suka yi rububin iri da 'yan tsaki da murafan kwalba har suka yi ƙaranci a kasuwa, kuma tsofaffin masu zaman gona sun ji ƙarancin kamar kowa.

Sayar da rarar amfani shi ma yana ƙarƙashin doka. Tun 1987 gwamnatin tarayya ta hana kai ɗanyen nonon da ba a dafa ba daga jiha zuwa jiha don sayarwa, a cikin jiha kuwa kowace da nata hukunci: wasu sun yarda a sayar a kanti, wasu sai a ƙofar gona, wasu sun hana. Jan naman da za a sayar dole ya bi ta mayankar da hukuma ke dubawa, amma wanda iyali za su ci da kansu suna iya yankawa a gida. Burodi da zuma da dafaffun 'ya'yan itace masu sikari yawancin jihohi sun ba da izinin yin su a kicin a kai kasuwar manoma, galibi da sharaɗin a liƙa takardar da ke nuna cewa a gida aka yi su. Abincin kwalba marar tsami kuwa, saboda haɗarin gubar nan, kusan ko'ina ba a yarda a sayar da na gida ba.